Telan ƙauye da gyara yake cin abinci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan wana ya gama koyon ɗinki a cikin garin Maradi, maigidansa ya yaye shi. Ina son in saya masa keke ya dawo ƙauyenmu da ke yankin Gidan Rumji ya zauna, amma mutane suna ce mini asarar kuɗi zan yi, wai gwanjo da kayan kanti sun kashe ɗinki a ƙauye, sai dai lokacin salla. Akwai abin yi a ciki kuwa? In akwai, da me zai fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri kan riƙon zumunci, ya yi wa yaron albarka.

Masu ce maka ɗinki ya mutu sun faɗi wani ɓangare na gaskiya, don haka a ba su haƙƙinsu. Sabon ɗinki a karkara lokaci gare shi: daga gab da azumi zuwa daren ƙaramar salla, sai makonnin da ke gaban babbar salla, sai bayan kaka idan an sayar da wake da gyaɗa da aya, kuɗi ya shigo hannu aka shiga bukukuwan aure. Ko ka tara su duka ba su kai rabin shekara ba. Telan da ya zauna jiran atamfa da shadda kaɗai, da rani ya tsaya za ka ga ya lulluɓe keke da tsohon zane ya bi ƴan cin rani.

Inda suka kuskure shi ne zancen gwanjo. Wandon da aka kwanto daga dila an yanka shi ne a kan ƙirar wani mutum a wata ƙasa, ba a kan manomin da ya saye shi ranar kasuwa ba. Ko ƙugu ya yi yawa, ko ƙafa ta yi tsawo, ko zif ya mutu tun bai tsallako teku ba. Mai saye ya san da haka. Arha da ƙwarin yadi suka ja shi, kuma yana neman wanda zai daidaita masa. Kayan kanti masu arha su ma ba su tsira ba, zarensu ba ya jure wanki, wata ɗaya biyu hammata ta buɗe. Saboda haka abincin yau da kullum na telan ƙauye yana cikin gyara, sabon ɗinki kuwa riba ce mai zuwa lokaci-lokaci. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa a kan wannan ya tsaya.

Ka dubi abin daga ɓangaren mutanen garinku. Daga Gidan Rumji zuwa Maradi wajen kilomita 50 ne a kan kwalta, ban da tafiyar da mutum zai yi kafin ya fito bakin hanya. Ba wanda zai biya mota zuwa da dawowa, ya bar gona yini guda, don a canza masa zif. Sai dai a cusa wandon ƙarƙashin gado, a sayi wani in da hali, in babu a ɗaure shi da igiya. Tela a cikin gari yana mayar da tufar da aka fid da rai da ita jikin mai ita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma kuɗin ya tsaya a garin. Matan aure sun fi kowa amfana, don da yawansu ba su fita kasuwa, ga shi jiki yana canzawa da ciki da haihuwa da shayarwa. Rigar da aka ɗinka wa amarya ba lalle ta shige ta baɗi ba. An ga darajar masu gyara ƙarara lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Da yawa daga yadi da zare da zif da muke aiki da su daga Kano suke fitowa, su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa. In hanya ta toshe sabo ya yi tsada, kowa sai ya waiwayi tsohon da ke cikin akwati.

Abin da ya fi damuna a tambayarka ba kasuwa ba ce, koyon ne. A yawancin shagunan birni yaro yana farawa da guga da sa maɓalli, ya kai ga haɗa kaftani da wando, amma yanka maigida ne ke yi, gyara kuwa ana raina shi, ana korar mai kawo shi. Sai a yaye yaro bai taɓa farke wando ya mayar ba. Kafin ka kashe ko dala, ka gwada shi. Ka ba shi wandon gwanjo mai faɗin ƙugu, da rigar mace da ta matse, da wandon noma da hantsarsa ta ɓarke, ka zauna kana kallo. In ya ɗauki almakashi kafin ya ɗauki tef da alli, da sauransa. Ya koma ya yi wata biyu ko uku wajen telolin da ke zama kusa da ƴan gwanjo a kasuwa, su ne malaman wannan fanni, kuma ba abin kunya ba ne.

Lissafin farko da ya kamata ya zauna masa a kai shi ne wannan: riga gaba da baya gare ta, ɗinkin gefe kuma biyu ne. In ya matsar da ɗinki da santimita 1 a kowane gefe, rigar ta ragu da santimita 4 a zagaye, domin kowane ɗinki yadi biyu yake ci. Wanda ake son a rage masa 6, santimita 1 da rabi za a shiga kowane gefe. Rashin wannan lissafi ne ke sa a kawo riga mai ɗan yawa a karɓe ta ba ta shiga. Ya juya rigar, ya ja layi da alli, ya buɗe tsawon ɗinki zuwa ƙarshe ya yi na gwaji mai sauƙin farkewa, mai kaya ya saka ya ɗaga hannu, ya zauna ya tashi, sannan a danne da ɗinki na gaske. Ragin ba a tsayar da shi cak a hammata. Ana sulala shi cikin hannu a hankali har ya haɗu da tsohon ɗinki, in ba haka ba wani ƙulli zai fito a hammatar. Kada kuma ya yanke rarar da ta rage a ciki sai in ta yi yawan da za ta dami mai sawa. Ya bar santimita 2 ko 3, wata rana za a dawo a ce a buɗe.

Buɗewa ta fi ragewa wuya. Atamfar da ta sha rana da wanki ta koɗe, abin da ke ɓoye cikin ɗinki kuwa yana nan da launinsa, in an buɗe sai layi mai duhu ya fito. Shadda tana riƙe hujin allura, ko an yayyafa ruwa an goge ba ya ɓacewa duka. A gaya wa mai kaya tun ba a farke ba.

Ƙugun wando ta ɗinkin baya ake rage shi. A cire madaurin bel na tsakiyar baya, a farke bakin ƙugu wajen santimita 10 kowane ɓangare, a shiga ɗinkin baya daga sama a sulalo ƙasa har a haɗu da tsohon ɗinki kafin lanƙwasar hantsa, a rage bakin ƙugun daidai da abin da aka rage a jiki, a mayar da komai. Ta baya kaɗai kada a wuce santimita 4 zuwa 5 gaba ɗaya. In an wuce, aljihunan baya su matso juna, ɗinkin gefe ya karkata baya, aljihun gaba ya wangale baki. Ragin da ya fi haka sai a raba shi uku, baya da gefe biyu. In ya haura santimita 10, ni a ganina tela ya faɗi gaskiya cewa wandon ba na mutumin ba ne, don aikin zai fi ɗinka sabo cin lokaci kuma ba zai zauna daidai ba. Na yara kuwa ba sai an yanke ba, a zura roba a bayan ƙugu, in yaro ya girma a zare ta. Wajen siranta ƙafa, abin da aka ɗauka daga ɗinkin waje shi za a ɗauka daga na ciki. Wanda ya ci gefe guda don sauri, ƙafar wandon za ta murɗe, kuma ba gugar da za ta miƙe ta.

Tsawo a jikin mutum ake aunawa, yana tsaye da takalmin da yake sawa, a bar santimita 3 don kalmasa ninki biyu. Wandon jins ne ke karya wa sabon tela allura, daidai inda kalmasa ta hau kan ɗinkin gefe yadi ya taru. A ɗora wurin a kan katako a buge shi da guduma ya kwanta, a ninke wani ƙyalle a sa bayan ƙafar keke mai danne yadi don ta tsaya daidai, a juya keken da hannu har a wuce tudun. Allura ma lamba gare ta, a rubuce take a jikin fakiti: 70 ko 80 don yadi mai laushi, 90 don atamfa da shadda, 100 ko 110 don jins da kaki. Telan da ke ɗinka komai da allura guda har sai ta karye yana ɓata kayan mutane bai sani ba, don allurar da ta dakushe tana fizgar zaren yadi, za ka ji keken yana wani ƙas-ƙas da ba a saba ba.

Zif kuwa, da yawa daga waɗanda ake kawowa ba su mutu ba. In an ja ya rufe sannan ya buɗe ta baya, kan zif ɗin ne ya saki baki. A matse shi kaɗan da filaya, gefe da gefe, a gwada, a ƙara in bai isa ba. Da ƙarfi ɗaya ake fasa shi, don haka a bi a hankali. In ya yi tauri a goga masa kyandir ko busasshen sabulu. In kan ya lalace ana canza shi kaɗai, galibi lambarsa tana bayansa, 3 ko 5. Sai haƙori ya fita a tsakiya ko yadin zif ya yage ake cire shi duka. Wajen farkewa ya lura da yadda masu shi suka jera ɗinkin, don ta nan zai bi ya mayar, kuma ya yi hattara da reza: tana saurin aiki, tana kuma saurin yanka yadin mutane. Ya riƙa ajiye zif da maɓallan tufafin da suka mutu, na tsohon gwanjo sau da yawa sun fi sababbin kasuwa ƙwari.

Maho shi ne aikin da aka fi rainawa, kuma shi aka fi ɓatawa. Kuskuren da ake yi kullum shi ne a ɗauko sabon ƙyalle mai ƙarfi a ɗora a kan tsohon yadi, a danne da ƙananan ɗinki kusa da bakin yagewar. Wanki ɗaya sabon ya tsuke, tsohon ya sake yagewa a gefen mahon, ramin ya fi na da girma. Ƙyallen maho ya zama wankakke, nauyinsa kusa da na tufar, tsayin zarensa ya bi tsayin zaren tufar. A ɗaga tufar a rana a ga iya inda yadi ya sirance, mahon ya wuce nan da santimita 2 zuwa 3 ya kama lafiyayyen wuri. Ɗinki kada ya yi ƙanana sosai, don huji kusa da kusa a tsohon yadi yanka ne. Ga wandon noma da na masu hawan babur da amalanke, hantsa ce ke fara tafiya, kuma mayar da ɗinkin yadda yake ɓata zare ne, tunda matsi ne ya fasa shi. A farke ɗinkin cikin ƙafa wajen santimita 12 zuwa 15 kowane ɓangare, a sa ƙyalle mai kusurwa huɗu mai tsini biyu ya ba wurin sarari, a bi shi da ɗinki biyu. Haka ake yi wa hammatar rigar mace da ta matse in babu rara a ciki. Kwalar rigar da ta cinye a lanƙwasa ana cire ta a juya bayanta ya koma gaba, rigar ta ƙara shekara.

Yanzu sabon ɗinki. Telan birni yana ɗinka wa mai kaya da yawa, wanda zai sa riga sau kaɗan ya canza. Telan ƙauye yana ɗinka rigar da za a sa shekaru, a ba ƙane, don haka tun wajen yanka ya tuna da gyaran da za a zo nema. A ɗinkin gefe na rigar mata ya bar santimita 3 maimakon 1 da rabi da aka saba. Kayan yara ya bar kalmasa mai zurfi, santimita 6 zuwa 8 a ƙasan riga da ƙafar wando, ƙubaka kuma ta zama mai faɗi da mazagi ko roba. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, a mita guda yakan iya cin santimita 3 zuwa 5. In mai kaya ya yarda a jiƙa a shanya kafin yanka, in bai yarda ba a ƙara a tsawo. Shadda ba a jiƙa ta, don ƙyallinta mai ita ya saya, sai dai a ba ta sarari. Turmin atamfa yadi 6 ne, wajen mita 5 da rabi, kuma ya auna shi gaban mai kaya kafin ya karɓa, domin ba kowane turmi ke cika ba, in ya gaza daga baya tela za a tuhuma. Ƙyallen da ya rage ya naɗe ya mayar wa mai shi, ya ce ta adana. Da shi za a buɗe rigar nan gaba ba tare da an yi mata baƙon maho ba, kuma ba abin da ke gina amanar tela wajen mata kamar wannan.

Matan da ba su fitowa sukan aiko da tsohuwar riga a matsayin awo. Ya tambayi ɗan aiken ko rigar tana yi mata daidai yanzu, ko ta matse, ko ta yi yawa, kuma a ina. Tambaya ɗaya ce, amma tana hana ɗinki biyu.

Hijabi aiki ne da ba ya yankewa duk shekara. Yadinsa mai talewa yana ba keken ƙafa wahala: yana tsallake ɗinki, kuma ɗinkin yakan tsinke in an ja. Akwai allura mai dunƙulallen baki da aka yi don irin wannan yadi, ya neme ta a Maradi. Ya sassauta zaren sama kaɗan, in yadin yana nutsewa cikin ramin allura ya shimfiɗa takarda a ƙasa ya ɗinka tare, daga baya ya yage ta. Gyaran da aka fi kawowa shi ne fuska ta saki, santimita 1 ko 2 a ƙarƙashin haɓa ya wadatar. Rashin keken da ke kama bakin yadi ma ba matsala ba ne. Ya haɗa yadin fuska a waje ya ɗinka a rabin santimita, ya goge, ya juya ya sake ɗinkawa a santimita 1, bakin ya shige ciki ba zai zare ba. Ya fi cin lokaci amma ya fi ƙarko. Surfani kuwa kada ya sa kansa bashin kekensa. Ya yanka wuyan rigunan ya tara, ya kai birni lokaci guda, ya sa kuɗin a cikin farashi.

Keken da za ka saya masa baƙin keken ƙafa ne, Butterfly ko tsohon Singer, don ba ruwansa da wutar lantarki, kayan gyaransa suna nan a kasuwa, kuma duk makanikin keke ya san shi. In wanda aka taɓa aiki da shi ne za ku saya, a cire igiyar a juya da hannu a ji ko yana tafiya sumul, a girgiza sandar allura a ga ko tana rawa, a dubi haƙoran da ke jan yadi ko sun cinye, a ninka jins huɗu a ɗinka. Ya haɗa da almakashi biyu, ɗaya na yadi kaɗai wanda ba mai taɓa shi, da tef, da alli, da dutsen guga na gawayi, da filaya, da ƙaramin sukundireba, da kwarkwaro biyar ko shida, da igiyar keke ta ajiya.

Makaniki yana nesa, don haka dole yaron ya zama likitan kekensa. Ƙurar hunturu da gashin yadi suna taruwa ƙarƙashin farantin allura. Ya kwance shi duk mako ya share. Ya sa mai ɗigo ɗaya a kowane rami, da ɗigo a mazaunin ƙoshiya, kullum in aiki ya yi yawa, sannan ya ɗinka wani tsumma kafin ya ɗora kayan mutane. Man keke ne kaɗai. Man gyaɗa yana bushewa ya zama danƙo ya kama ƙarfe, baƙin mai kuma yana da kauri yana ɓata kaya. Keken da ya riga ya daskare a wanke shi da kananzir, a bari ya tsane, a sa mai. In igiya ta saki tana zamewa, a kwance ƙarfen da ya haɗa ta, a yanke santimita 1, a huda a mayar. In zare ya cukurkuɗe a ƙasan yadi, sabon tela yakan kama ƙoshiya da sukundireba, an bar jaki ana dukan taiki ke nan: zaren sama ne ya yi sako-sako ko bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba. Ya ɗaga ƙafar keke ya sake zura zaren daga farko. In keke yana tsallake ɗinki, allura ce ta lanƙwashe, ko ba ta kai ƙarshen mazauninta ba, ko an sa ta a juye. Dogon kwarin da ke jikinta yana fuskantar gefen da zare ke shigowa. Allurar manyan kekunan lantarki gindinta zagayayye ne, ta wannan keken gefe ɗaya a shafe yake, kada a haɗa masa su a kanti. In ɗinki yana tattare yadi, zare ya matse da yawa. Zaren da ya daɗe a rana ya ja shi da hannu kafin ya saya, in ya tsinke ba wuya ya bar shi.

Kada kuma ya ɗauka tufafi kaɗai ne aikinsa. Gidan sauro da ya huje ya ɗinke shi da hannu kafin damina ta yi nisa, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara. Wannan aiki ne mai lada ko da kuɗinsa kaɗan ne. Tsohuwar babbar riga tana fitar da kayan yara biyu, tsohon zane ya zama majanyi ko rigar matashi ko a haɗa ƙyallaye a yi abin rufa don sanyi. Akwai labule, da jakar lakwal in Oktoba ta matso, da buhuna lokacin kaka. Buhun PICS na ajiyar wake, mai ledoji biyu a ciki da ke hana iska shiga, na wajen kaɗai ake ɗinkewa, ledojin ciki in allura ta taɓa su iska ta shiga, ƙwari su farfaɗo. Ya ajiye farin yadi ko yaya, don ranar da aka yi rasuwa ba a jiran ranar kasuwa.

Saura kuɗi, inda teloli da yawa masu hannu mai kyau suka faɗi. A ƙauye kowa ɗan'uwa ne, kowa zai ce ai ɗan ɗinki ne kawai. In ya fara gyara kyauta ba zai iya dainawa ba. Ya sa wa kowane aiki farashi tun ranar farko, ko da kaɗan ne, ya lissafa zif da zare da gawayi da lokacin da ya ci, tsofaffi da marayu kuwa ya yi musu don Allah da saninsa, ba don an fi ƙarfinsa ba. A nan kai ma da aikinka, Malam: in kai da ka sayi keken ka biya kuɗin gyaran wandonka a gaban mutane, ka rufe bakin sauran dangi. Da kaka ya karɓi tiyar gero ko wake a farashin ranar, ba laifi, hatsi kuɗi ne. Bashi zuwa kaka ba makawa za a ci, amma ya shiga littafi da suna da rana da abin da aka ɗinka. Sabon ɗinki sai da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan haɗi. Kowane yadi da ya karɓa ya yanki ɗan ƙyalle ya liƙa a littafin kusa da awon mai shi, don in atamfa iri ɗaya ta anko ta taru ba a gane ta wane.

Azumi kuma shi ne jarrabawarsa. Ya san kaya nawa yake gamawa a yini ba tare da ya kwana a kan keke ba, ya ninka da kwanakin da suka rage, ya cire kwana uku don abin da ba a zata ba, in lissafi ya cika ya daina karɓa ko wa ya zo. A birni telan da ya saɓa alkawari yana samun sababbin masu kawo ɗinki baɗi. A ƙauye yaron da ya yi idi da tsohuwar riga, uwarsa ba za ta manta ba, kuma duk garin zai ji.

Kafin ku yanke shawara ka ƙirga kekunan da ke aiki a garinku da ƙauyukan da ke kewaye. In akwai biyu ko uku a ƙaramin gari, zama wuri ɗaya ba zai riƙe shi ba. Ya sami kan keke mai juyawa da hannu da zai ɗaure bayan babur ya riƙa cin kasuwannin mako, ya shimfiɗa kusa da ƴan gwanjo, inda mai saye zai miƙo wando nan take ya jira. Kada ya saki gona, don tsakiyar damina aiki yana ja baya kuma kuɗi ba ya hannun kowa. In akwai ƙanwarsa ko matarsa mai sha'awa, a tura ta cibiyar koyon sana'a ta CFM mafi kusa ko ya koya mata da kansa, domin mace tana shiga gidajen da shi ba zai shiga ba, ta auna jiki da hannunta. Kuɗin keke na biyu ana iya samunsa ta asusun Mata Masu Dubara, tsarin ajiya da rance tsakanin mata da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maradi a 1991. In za ka saya, ka saya gab da kaka, ya buɗe lokacin da kuɗi ke hannun mutane, kuma ka ware masa wani abu daban na zare da zif da allura, kada duk jarin ya ƙare a kan keke.